Wuƙar da Na Bari a Ruwan Kumfa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Isiyaku kuku ya rasu.

Da safen nan ina abbatuwa wurin yanka, hannuna duk jini, 'yarsa Rabi ta kira ni. A kafaɗa na maƙale wayar na ji. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba, kuma ba rashin kaɗai ne dalili ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

Ga wanda bai san shi ba, dattijon nan ne na layinmu a Agege da ya yi shekaru yana dafa wa wasu Turawa abinci a Ikoyi. Da za su koma ƙasarsu suka bar masa miksa, babbar nan ta kwaɓa fulawa mai zama a kan tebur. Tana da wani baki da ake ɗaura mata a goshi, ka zuba nama ta sama ya fito niƙaƙƙe ta gaba. Da ita yake niƙa wa matan unguwa naman samosa a tsakar gidansa.

Ni nake kai masa nama. Haka muka saba.

Ranar farko ya juya tsokar da na kawo, ya ce wannan jijiyar sai dai a ɗinka takalmi da ita. Na zata korata zai yi. Sai ya jawo mini kujera, ya nuna mini yadda ake zare ta ba a yi asarar nama ba. Daga ranar ya sa mini suna Sarkin Fawa, ni da ko tebur nawa na kaina ban da shi.

Shi ya koya mini cewa nama sai ya sha sanyi a firiza ya ɗan yi tauri, in ba haka ba kitsen ya narke ya fito kamar kunu. Ya hana ni tura nama da yatsa, akwai 'yar tabaryar roba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni bara, da ƙafarsa ya tako har ɗakina da farfesu a kula, ya zauna sai da na shanye.

A cikin bakin miksar nan akwai wata 'yar wuƙa mai kunne huɗu, ba ta kai tafin hannu ba. Dokarsa a kanta ɗaya ce. Ba ta shiga robar wanke-wanke, don kumfa na ɓoye ta. A hannu ake wanke ta, a goge, a shafa mata man gyaɗa, a naɗe a takarda.

Na fi shekara biyu ina kiyayewa.

Wata Juma'a, mako uku ke nan, mun gama niƙa aka soma huɗuba. Ina sauri na kwance bakin, na watsa komai cikin robar kumfa, na ce in na dawo na wanke. Ya riga ni dawowa daga masallaci. Ya tsoma hannu.

Yankan ƙarami ne, a babban yatsan dama. Na shigo na same shi yana ɗaure shi da tsumma. Matarsa, Mama Ladi, ta fito tana tambaya. Dama ba ta taɓa son wani bare ya taɓa injin nan ba, ta sha faɗa cewa ranar da na yi ɓarna na bar shiga gidan. Kafin in buɗe baki ya ce mata ƙashin rago ne ya soke shi. Ya ɗan kalle ni. Na yi shiru.

Baba yana da ciwon suga. Na sani.

Bayan kwana huɗu na ga ya daina ɗaura agogo a hannun. Sai na ga carbi ya koma hagu. Sai wari. Ni mahauci ne, jama'a, na san warin naman da ya fara juyawa, kuma ba daga firiza yake fitowa ba. Na ce masa mu je asibiti, ya ce mai kyamis ya ba shi kafso, in bar zancen kar Mama ta ji. Na bari. Kullum ana yabona wai ina da haƙuri. Haƙurin nan na yi har hannun ya kumbura zuwa gwiwa, sannan Rabi ta gani ta tafi da shi dole.

Shekaranjiya na je duba shi. Da Mama ta fita sayen ruwa, ya yafito ni da hannun mai lafiya.

"Ka shafa wa wuƙar mai?"

"Na shafa, Baba."

"Damina ce. Tsatsa ba ta jira."

Na durƙusa bakin gadon na ce Baba, ni ne fa. Bai bari na ƙarasa ba.

"Ƙashin rago ne, Sarkin Fawa. Ka ji ko?"

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau bayan mun kai shi makwanci na je gaisuwa. Mama tana ɗaki cikin mata, ta ji muryata ta sa aka kira ni bakin ƙofa. Ta nuna ni ta ce wa matan, Habu yana wurin, shi zai gaya muku, ƙashi ɗan mitsitsi haka ko? Na gyaɗa kai. Ta ce ita da naman rago har abada. Ta sa mini albarka, ta ce na riƙe mijinta kamar uba. Sannan ta ce ya bar wasiyya a ba ni miksar, in zo in ɗauka bayan sadakar uku.

Ban san yadda na fito daga gidan ba.

Likita ya ce suga ne. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma ina tsoro. Ina tsoron ranar da za a tambaye ni kan gyaɗa kan nan. Ina tsoron in miƙa hannu biyu in karɓi injin nan daga wurinta tana shi mini albarka kan abin da ba haka yake ba. Kuma wallahi ina tsoron fuskarta in ta ji.

Baba ya rufa mini asiri har ya koma ga Allah. Shi ya gama nasa. Amma ni aka tambaya yau, ba shi ba.

Rabi, na san za ki ga rubutun nan. Don Allah kar ki karanta mata. Bayan la'asar zan zo in tsaya a bakin ƙofar nan in faɗa da bakina. In ta ce kar in ƙara taka gidan, ta yi daidai. Wuƙar tana aljihuna, a naɗe, na shafa mata mai. Zan ajiye mata ita.

Allah Ya jiƙan Baba Isiyaku, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wasu, Ya sanyaya kabarinsa, Ya ba Mama da Rabi haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu. In da saura, ku roƙa mini Allah kar bakina ya mutu in na isa ƙofar.