Kantar da Leszek Ya Haɗa

Shekara goma sha tara Bogumil Pasek ya yi yana hawa benayen birnin Lodz, yana haɗa wa mutane kayan ɗakin da ake sayarwa a cikin kwali. Aikin ya cinye masa gwiwoyi. Bakinsa kuma ya gaji da maimaita magana ɗaya: siririn allon nan na bayan kantar littattafai ba don tare ƙura aka yi shi ba, shi ke hana kantar karkacewa. Amma mutane sai su buga ƙusa shida, su zuba sauran a kwalba kamar yadda suka ga iyayensu na yi.

Surukinsa Leszek, mijin 'yarsa, injiniya ne, amma na kwamfuta. Tun ranar da Bogumil ya sake ɗaura musu ƙofar kicin ba wanda ya roƙe shi, 'yarsa Jagoda ta kafa doka: in zai zo cin abincin ranar Lahadi, akwatin aikinsa ya tsaya a mota. Ya haƙura, don ranar kaɗai yake ganin jikansa Ignacy, ɗan wata bakwai.

Wata Lahadi, ana shan romon kaza, Leszek ya ja shi ya ga kantar da ya haɗa da hannunsa cikin minti arba'in. Tana tsaye dab da gadon jinjirin, maƙare da manyan littattafai. Allon baya ya fice daga mazauninsa ya banƙare. Bogumil ya sa yatsa ɗaya ya tura, kantar ta yi rangaji. Ya tambaya ko an auna daga kusurwa zuwa kusurwa kafin a buga ƙusa. Leszek ya yi dariya, wai takarda ba ta ce haka ba.

"Baba, romonka na hucewa," in ji Jagoda, tana harararsa.

Ya koma ya zauna. Cokali uku ya iya sha. Sai ya miƙe, ya ɗauko gudumar da aka daka naman rana da ita, ya ɗauko kwalbar ƙusoshi daga kan taga. Ya sauke littattafan, ya kifa kantar, ya auna kusurwoyin da igiyar takalminsa. Bambancin ya kai yatsa biyu. Ya danna da gwiwa har suka zo daidai, ya mayar da allon, ya bi shi da ƙusa duk bayan faɗin tafin hannu.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe," in ji Leszek daga bakin ƙofa. "In ka gama, akwai rufin bene."

"Ban shigo da akwati ba," Bogumil ya ce, bai ɗago ba.

Saura a ɗaure ta da bango, wannan kuwa sai da injin huda, injin kuma yana mota. Jagoda ta ce a hankali, in ya sauka ya ɗauko, to ya san ya zaɓi injin a kan abincin Lahadi. Ya dubi kantar, ya dubi gadon. Ya sauka hawa huɗu da gwiwoyin nan nasa, ya hawo da injin. Huda biyu ya yi. Ya share garin simintin da kansa, ya sa kwat ɗinsa.

Lahadin da ta biyo baya, waya ba ta yi ƙara ba, ba a kira shi cin abinci ba. Ya ci burodi da tsiran alade a tsaye a kicin ɗinsa. Kantar dai ko Leszek ya rataya a jikinta ba za ta motsa ba.