Goggon Wanki Ta Karɓo Shafinta

Yayata ba ta iya magana a hankali ba. Ko gaishe ka za ta yi, sai ka zaci ƙafarta ka taka. Da wannan bakin ta buɗe shagon wanki da guga a ƙarshen layinmu: bahuna, teburin guga, igiyar shanya, da faɗa kyauta ga duk wanda ya jiƙa farar riga tare da jan zani.

Mijinta direba ne da ciwon baya ya sauke daga mota. Da zaman banza ya ishe shi, sai ya fara ɗaukarta bidiyo da wayarsa tana zazzaga wa masu kaya masifa, tana kuma nuna yadda ake fitar da tabon mai ko na biro. Bai iya ɗauka ba ko kaɗan. Hoton rawa yake yi saboda dariyar da yake ƙunshewa, ga muryarsa daga baya yana tsokanarta: "A yi haƙuri, ranki ya daɗe." Da wasa ya ɗora a intanet, sai ga jama'a sun yi caa. Su suka raɗa mata Goggon Wanki.

Ba a jima ba wani kamfanin masu kula da shafuka ya zo. Za su samo tallace-tallace, su riƙa ba ta kasonta, amma shafin da abin da ke ciki ya zama nasu. Ba su ɓoye ba. Yaya ta ce, "Ku riƙe mana, shafi ci ake yi?" Ta sa hannu, ta sayi injin wanki, kowa ya yi murna har da ni.

Sai Direba ya rasu. Kamfani ya turo mai kyamara na gaske, ya kuma sauke tsofaffin bidiyon daga shafin, wai ba su da kyan gani. Wayar marigayin kuwa tuni ta faɗa baho ta mutu. Muryarsa ba ta rage ko'ina a duniya ba sai cikin kwamfutar kamfani. Duk sanda Yaya ta roƙa, sai a ce za a duba.

Ana cikin haka aka kawo mata tallan wani sabulu. Ta gwada a zaninta, ya koɗe tas. Ta je ofishin kamfanin ta ce ba za ta yaba shi ba.

Manajansu ya ce, "Goggo, fuskarki fa aka biya, ba ra'ayinki ba."

"To je ka wanke rigarka da fuskata."

Kafin ta iso gida sun canza lambar sirrin shafin. Ta rasa masu kallonta, ta rasa hanyar samunta, ta rasa Direba karo na biyu. Yaya ta yi shiru. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na shirun nan ba. Mutum ya kawo rigar da ya ƙona da dutsen guga, ta karɓa ta ce, "Ba komai."

Su kuwa kamfani suka ci gaba da sakin ragowar bidiyonta, suka sa wani ma'aikaci yana amsa wa mutane da sunanta. Bawan Allah mai ladabi ne, shi ya kashe su. Duk wanda ya yi tambaya sai ya rubuta masa, "Na gode ƙwarai ɗana, Allah ya yi albarka." Wata mata ta gwada shi, ta ce ta dafa mayafin siliki a tukunya. Amsa ta zo: "Ayya, sannu." Shi ke nan, shafi ya kama da wuta. Kowa tambayarsa ɗaya: ina kuka kai mana Goggo?

Na kai mata wayata ta karanta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Jingina wayar nan da gwangwanin sitaci." Ta buɗe sabon shafi da sunanta da lambarta. Kalmarta ta farko ita ce, "Ke mai dafa mayafi, miya kika ɗauke shi?"

Jama'a suka kwaso gaba ɗaya. Ta buɗe zaure a intanet na masu biyan kuɗin wata, ka turo hoton tabonka, ta kira sunanka ta wanke ka tas, sannan ta faɗa maka maganinsa. Mutane na biya a yi musu faɗa, mu da muka sha shi kyauta muna kallon ikon Allah. Masu talla suka fara zuwa wurinta kai tsaye, ba ta karɓar kaya sai ta gwada. Ta kama shagon kusa, ta ɗauki matan layinmu aiki.

Tsohon shafi ya zama kango, masu talla suka gudu. Rannan da hantsi sai ga manaja yana sunkuyawa ƙarƙashin shanya, ya zo da tayin kaso mai tsoka.

Yaya ba ta ajiye dutsen guga ba. Ta ce, "Ba ni za ka ba kaso ba, yaro. Shafi ya dawo sunana. Bidiyo duka, tun daga na farko, a miƙo min abina. In ka kawo tallan da na yarda da shi, ni zan ba ka ladan dillanci."

Wata lauya cikin masu biyan kuɗin wata ce ta tsara yarjejeniyar. Ya yi 'yan kame-kamensa, ya sa hannu.

Ranar da aka kawo bidiyon ta sallami ma'aikata, ta bar ni kaɗai. Ta danna na farko a kwamfuta. Hoto ya fara rawa, ga ta nan tana ɗaga wata riga tana bambami, sai muryar ta fito: "A yi haƙuri, ranki ya daɗe."

Hawaye suka zubo mata, ni ma na kasa riƙe nawa. Ta nuna kwamfutar da yatsa.

"Kai Direba, riƙe wayar da kyau mana!"

Ta share fuska da bakin zani, ta juyo gare ni. "Mayar da su shafin, duka. Na ga mai sake sauke min Direba."