Gaisuwar da Mubaraka Ba Ta Yi Ba

Ku gafarce ni, masu sauraron shirin Inuwar Gawo, da na dame ku da rubutu a wannan zaure. Ban saba ba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Satumba, Allah ya karɓi ran ɗiyar ƙanena, Mubaraka Is'haƙa, a nan Dogon Dutsi, bayan gajeriyar jinya. Ita ce ke rubuta buɗin shirin da kuke ji a wayoyinku, ita ce kuma ke karanta shi.

Mubaraka, kafin a naɗi muryarki, wurina kike zuwa ki karanta mini ina tsintar wake. Kina da al'ada ta gaida marasa lafiya a buɗin, amma ba ki taɓa kiran sunan mutum ba sai kin taka ƙofar gidansa kin nemi izini. Na tuna ranar da kika hau kabu-kabu har Tibiri saboda tsohuwa guda. Na ce, “Waya ba ta isa ba?” Kika yi dariya kika ce, “Gwaggo, ciwon mutum sirrinsa ne.”

Abin da ya hana ni sukuni shi ne shirin da ya fito ranar Juma'a. Muryarki ce, ban musa ba. An ce kin naɗe shi kafin ki kwanta jinya. To amma a ciki kin gaida Malam Idris mai ɗinki, kin yi masa fatan samun sauƙi. Malam Idris kuwa tun azumi aka rufe shi, kuma tare muka je gaisuwa. Matarsa Altine ta ji, ta zo mini tana kuka, tana tambaya ko ba'a ake yi mata. Na sake saurare. Muryar tana tsalle a tsakiyar magana, kamar zane da aka yi wa faci.

Ba na son zato, akwai zunubi a cikinsa. Sai dai zuciyata ta ƙi yarda cewa ba tsofaffin maganganunki aka yanka aka harhaɗa ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba mijinki Zakari da ɗiyarku Nusaiba haƙuri.

Bilal, ɗana, kai ne ke haɗa sautin shirin. Wadda ke kwance ba ta da bakin kare kanta. Ka faɗa mini yaushe aka naɗi wannan gaisuwa. Altine na jiran abin da zan gaya mata. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.