Isyaku, Makanikin Motar Tafin Hannu

Kafin masu shayin tashar Rogo su gama hura wuta, Malam Isyaku ya riga ya buɗe rumfarsa. Rumfar ma dai suna ce: tebur ɗaya, benci mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu, sai tarin mazubai da gwangwanayen fenti. Zai goge tabarau da bakin riga, ya haɗa ruwan danƙon da yake sarowa daga Kano da maganin da ke daskarar da shi, ya zuba a mazubi, ya koma gefe yana jira kamar mai jiran waina ta soyu. In ya daskare sai ya ɓamɓaro, ya bi da magagari da samfefa, ya sa tayoyi, ya shafa fenti. Abin da zai fito mota ce cak, sai dai ba ta fi tafin hannu ba. Sana'arsa ke nan tun zamanin da ake yi da gwangwani da waya, har yau da furfura ta cinye gemu. Yanzu ido ya fara gajiya, ya ce zai ajiye aiki, kuma bai kamata a bar irinsa ya tashi shiru ba.

Direbobi ne manyan masu cinikinsa. Kowa yana son ganin motarsa a ƙarama, ya ɗora a gaban sitiyari, ko ya kai wa maiɗakinsa ta sa a kabet tsakanin kwanuka. Sai dai Isyaku yana da halin da ya sha jawo masa zagi: yadda motarka take, haka zai yi ta. Ku tambayi Badaru direba, wanda ƙofar bas ɗinsa da igiya ake ɗaure ta. Da ya zo karɓar tasa, sai ya tarar da 'yar ƙofa a karkace, an ɗaure ta da zare, har da irin ƙullin da yake yi. Ya yi ta kumfar baki, wai ko mai hoto yana gyara wa mutum fuska. Isyaku ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in sabuwa yake so, ya je ya sayo sabuwa ya kawo a kwaikwaya. Badaru ya tafi da rantsuwar ba zai karɓa ba. Kashegari ya dawo da kansa, don duk wanda ya wuce ta gaban rumfar sai ya nuna ya ce ga akwalar Badaru can.

A gida ma ba a tsira ba. Matarsa Sauda ta ce rariyarta ta tankaɗe an yanke ta an yi ragar gaban mota, duwatsun 'yan kunnenta sun zama fitilu, silifas ɗinta kuwa sun daɗe da zama tayoyi. Yanzu in za ta yi sallah, da takalmanta take shiga ɗaki.

To, duk wannan abin dariya ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Baba Gwadabe na Karaye.

Baba Gwadabe tsohon direba ne, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Karaye da Rogo da bas guda ɗaya. Da motar ta gaji har makanikai suka ɗaga hannu, 'ya'yansa suka sayar wa 'yan gwangwan, aka farfasa ta a gabansa. Tun daga ranar tsoho ya shige ɗaki. Ba ya zuwa majalisa, ba ya dariya, abinci sai an yi da gaske zai taɓa, har ya fara ramewa. 'Yarsa Ummulkhair ta zo Rogo wajen Isyaku da hawaye, ta ce, "Baba, a yi masa motarsa. Amma don Allah a yi ta sabuwa fil, yadda ya sayo ta. Ya ga lalacewarta ya isa."

Isyaku ya ji tausayinta, ya karya dokarsa karo na farko. Ya yi mota fara tas, tana ƙyalli, babu ko ƙwarzane. Ya hau ɗan acaɓa ya kai da kansa. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙa. Baba Gwadabe ya juya ta, ya sake juya ta, ya ajiye a gefen tabarma.

"Ta yi kyau," in ji shi. "Ta waye?"

Wannan tambaya ta yi wa Isyaku zafi, ba don aikinsa ba, sai don ya ga yadda rigar tsohon ta yi masa yawa. Ya ɗauki motar ya koma, ya ce yanzu za a fara aiki. Matsalar ita ce ta gaskiyar ta riga ta zama tukwane, ba abin da zai duba ya kwaikwaya. Sai ya kafa zaman bincike a rumfarsa, duk wanda ya taɓa shiga motar Gwadabe ya zo ya faɗi aibinta.

Kai, ashe mutane suna riƙe da motar nan a rai! Kande mai gyaɗa ta zo takanas daga Fulatan don ta ba da shaidar ƙusar kujerar baya da ta yaga mata zani. Wani ya tuna tsagar gilashin gaba, wani ya tuna salansar da aka ɗaure da waya. A kan lotsawar da wani bijimin sa ya yi mata a hanyar Ruwan Bago kuwa, tasha ta rabu gida biyu, 'yan hagu da 'yan dama, har sai da shugaban direbobi ya shiga tsakani. Isyaku yana ji yana aiki. Ya ɗumama danƙo ya lotsa, ya karce fenti, ya haɗa ja da baƙi ya yi tsatsa. Sauda ta leƙo ta ga mijinta yana lalata abin da ya sha wahalar gyarawa, ta ce dama ta san ranar nan tana tafe.

Da Isyaku ya koma Karaye, Baba Gwadabe ya karɓi motar. Yatsansa ya bi gefen motar har ya faɗa cikin lotsawar, ya tsaya a nan. Can ya ajiye ta a tabarma, ya murza hannu kamar mai ba da wuta, ya saurara, ya dubi matarsa.

"Murja, ta ƙi tashi. Sauko ki tura."

Tsohuwar ta durƙusa tana dariya tana share ido da gefen mayafi, ta sa yatsa ta tura. Ranar Baba Gwadabe ya sha fura ya nemi ƙari.

Ba a rufe mako ba sai ga shi a tashar Rogo, da motar a aljihu, ya zo ƙorafi: wai lotsawar ta yi ƙasa da yawa. Isyaku ya duba, ya san babu abin da ya same ta, amma ya karɓa ya ce a zauna a sha shayi kafin a gyara. Tun daga nan duk ranar kasuwa sai tsohon ya samo mata sabon ciwo, ya shigo mota ya zo, ya wuni a benci yana musu da direbobi.

Malam Isyaku, gwani na Sauda, kai ne ka ƙi yi wa mutane ƙarya ko da a abin wasa. Kai ne ka gane cewa mutum ba ƙyalli yake kewa ba, abinsa yake kewa, da tabonsa da tsatsarsa. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya mayar wa Sauda rariyarta. Masu sana'ar hannu na Rogo da Karaye, manya da ƙanana, ku dubi mutumin nan ku koyi kallon wanda ya kawo aiki, ba aikin kaɗai ba.

Yanzu dai Isyaku ya raba mazubansa, ya ce ba zai ƙara zuba sabuwa ba. Da aka tambaye shi yaushe zai rufe rumfar, sai ya ce ba yanzu ba, akwai mota ɗaya da har yau ba ta gama gyaruwa ba, kuma muddin mai ita yana iya zuwa, ba za ta gama ba.