Mangwaro a Garkar Aro

Har yau idan wani ya tambaye ni abin da ya fi dacewa a saka a garka, bishiya ko abu mai yaɗo, sai in ce ya fara gaya mani garkar ta wane ce. Da can ba na wannan tambayar. Da can tun kafin mutum ya rufe baki na ba shi amsa, don ina da wandon kaki, ga kuma ɗan littafi a aljihu.

Turawa suna nan a lokacin, saura 'yan shekaru su tattara nasu ya nasu. Na ɗan haura ashirin, na samu aiki a gonar gwamnati da ke Daudawa, inda ake gwajin iri. Aikin nawa bai wuce in riƙe igiyar awo in bi bayan malamin gona ba. Amma a ƙauyenmu, can gefen Faskari, ni ma malamin gona ake ce mani, kuma wallahi ban taɓa gyara wa kowa ba.

Tsohuwata, Inna, noman duma take yi. Tun da mahaifinmu ya rasu, da shi ta riƙe mu. Garkar kuwa ba tamu ba ce. Mu baƙi ne, daga wajen Sabuwa muka taso, sai wani dattijo mai fili a bakin fadama, wanda kowa ke ce wa Baba, ya ba ta aro. Duk damina ta shuka, duman ya bi ƙasa, ya hau danga, ya lulluɓe ko'ina. Da kaka a fafe, ta zaɓi masakin da ya fi girma ta kai gidan Baba da kanta, sauran ƙwarya da ƙoƙo da ludayi ta kai kasuwar Yankara, matan Fulani su yi ta ƙwanƙwasawa suna zaɓe. Cinmu ke nan, suturarmu ke nan, har wandon kakina na farko.

Ni kuwa na raina duma. Abin da ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa, sai ya samu danga ya rataya! Wata biyar ya bushe, baɗi a sake daga farko kamar ba a taɓa yi ba. A wurin aiki na ga mangwaro mai aure, irin wanda ba ya daɗewa yake fara 'ya'ya. A dasa sau ɗaya, a sha har jikoki. Na lissafa a raina cewa Inna ta kusa daina duƙawa: ta zauna a inuwa, 'ya'yan itace suna faɗowa, mutane suna cewa Allah ya yi wa ɗanta albarka. Wannan na ƙarshen, in faɗi gaskiya, shi ya fi yi mani daɗi.

Na san ana cewa ba a dasa bishiya a filin aro. Wa bai sani ba? Wanda aka ara wa fili, abin da zai mutu kafin shekara ta zagayo shi yake shukawa, don duk wanda ya kafa bishiya kamar ya ce filin nasa ne. Na sani sarai. Sai dai babu wannan a littafina, saboda haka na sa shi cikin zancen tsofaffi.

Ga kuma wani abu. Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mani magana kai tsaye. In tana son in ji abu, sai ta faɗa wa danga, ko kaza, ko duk abin da ke kusa. Ranar da na zo da dashen a bayan keken aro, na auna rami daidai yadda aka koya mani, a tsakiyar garkar, na zuba taki, ta tsaya tana kallo har na gama. Sannan ta juya wajen danga.

"Ko Baba ya san da wannan?" in ji ta.

Na ce, "Inna, ai godiya zai yi. Gyara masa fili muka yi."

Ta ce wa dangar, "To."

Na tafi ina jin na gamsar da ita.

Ran Juma'a nake zuwa gida. Da ruwa ya zauna, na zo na nemi dashena na rasa. Sai da na yi ta buɗa ganye sannan na same shi, duma ya nannaɗe shi tun daga gindi har kai. Raina ya ɓaci. Na warware, na ja yaɗon gefe, na yi wa iska bayani cewa irin wannan tsiro ɗan cin amana ne, yana hawa abin da ya fi shi daraja ya shaƙe shi. Inna tana can tana cire ciyawa, ba ta ɗago ba.

Wata Juma'ar, haka. Ta bayanta ma haka. Har na fara mamakin wannan duma: ga danga ko'ina, ga fili, amma bai ga inda zai nufa ba sai mangwarona. A karo na huɗu ma na tarar an ɗaure yaɗon da ɗan zaren rama. Kai jama'a! Na riƙe zaren nan a hannuna, na dube shi, kuma abin da ilimina ya ba ni shi ne, tsohuwa tana kishin dumanta, ba ta son ci gaba. Ko sau ɗaya bai zo mani cewa ɓoye shi take yi ba. Hanyar da Baba ke bi zuwa kasuwa ta gefen garkar take. Ba za ta iya cire abin da ɗanta ya dasa ba, ba za ta iya ce mani in cire ba, sai ta rufe shi da abin da take da shi.

Ni kuma na ce sai na yi maganin abin. Na share kewayen dashen tas, taku uku kowane gefe, har na datse yaɗo biyu masu ƙananan 'ya'ya. Na kewaye shi da ƙaya. Na kafa masa turke dogo, na shafe da farar ƙasa kamar yadda muke yi a wurin aiki. Ya yi kyau ƙwarai. Makaho ne kawai zai wuce bai gani ba, kuma Baba idonsa garau.

Washegari da hantsi ya zo a kan jakinsa. Ya sauka, muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiya. Ya zagaya turken sau ɗaya.

"Malamin gona," in ji shi, "wanga aikinka ne?"

Na ce, "Nawa ne, Baba. Mai aure ne, ba ya wuce shekara huɗu."

"Madalla. Ya kuwa kama."

Har na fara murmushi. Sai ya juya wajen Inna, ya sassauta murya, ya ce in ta fafe na bana, yana son wurin. Ba faɗa, ba zagi. Inna ta ce, "To, Baba. Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Na ce, "Baba, don Allah, yanzun nan sai in tumɓuke shi."

Ya ce, "A'a, bar shi, icce bai yi laifi ba. Na san ba da wata manufa ka yi ba, yaro. Amma na tsufa. Duk wanda ya bi hanyar nan ya ga turkenka. Gobe in ba ni, ɗiyana da ɗiyanka za su tsaya gaban alƙali, wani ya ce ai ya ga ranar da kuka dasa. Gara in raba ku tun ina gani."

Ya hau jakinsa ya tafi. Na jira Inna ta ce wa danga wani abu, ko da zagi ne. Sai ta koma ta ci gaba da cire ciyawa a garkar da ta san ta bar ta, ni kuma na tsaya da wandon kakina ban san inda zan sa hannuwana ba.

Da kaka ta fafe, ta kai masaki gidan Baba kamar kullum. Mun nemi wani aron, amma labari ya riga mu: matar nan ɗanta yana dasa itace. Sai ta koma shuka gindi biyu a bayan ɗakin girki, suna hawa jinka, a samu ƙwarya huɗu ko biyar. Yankara kuwa ta daina zuwa. Na ɗauki cinta da shanta, ban gaza ba, ta zauna a inuwa yadda na tsara mata. Ban taɓa ganin zaman da ya tsofar da mutum da sauri kamar wannan ba.

Mangwaron kuwa, don ya ƙara ƙona mani rai, bai saɓa wa littafi ba ko kaɗan. A shekara ta huɗu ya yi 'ya'ya. Baba mutumin kirki ne, ya aiko matar ɗansa da na fari, cike da masaki. Ina gida ranar. Inna ta juye su a tabarma, ta kifa masakin, ta shafa gindinsa da yatsa. Nata ne, na kakar ƙarshe.

Ta ɗauki mangwaro ɗaya ta sha har ƙwallo. Ta ce wa bango, "Mai ilimin ya yi gaskiya. Akwai zaƙi."

Ba a mayar da ƙwarya wayam. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan goran da take ajiyar irin duma, wanda ta taso da shi tun daga Sabuwa, take zaɓa tana sabuntawa duk shekara. Na ɗauka za ta ɗiba ne. Sai ta zazzage shi duka a cikin masakin, har ta bubbuga gindin goran.

Ta ce wa matar, "Ki shuka a can garkar, ƙasar wurin suka sani. Ki dai nisanta su da bishiyar, ba sa son inuwa."