Rumbun da Iya Ta Hana Faɗuwa

Tun ina ƙarama ba a saurin yi mini wayo, kuma wurin Iya na gado. Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu. Mace ce da ko gishiri aka kawo mata kyauta sai ta lasa, ta yi jim, sannan ta tambayi wa ya aiko. A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa a garinmu Tafoki yana rawar ƙafa da sabon abu, ita kuwa da gefen ido take kallon komai. Babanmu ya samu aiki da masu gina titi, ya sayi babur da rediyo, ya sa wa ɗakinta rufin kwano. Kwana uku ta yi a ciki ta ce kwanon dafa mata kai yake yi.

Da kaka, in an sauke tuwo bayan magariba, ba a kashe wutar murhu. Mukan zagaye ta, ni da ƙannena, muna tura gyaɗa cikin toka. Iya na kan tabarma tana kaɗi, hannun hagu a sama riƙe da auduga, mazari na juyawa, bakinta na ba mu tatsuniya.

Wadda muka fi so ita ce ta wata mata mai rumbun gero. Wata safiya matar ta ga ɗan ramin gara a gindin rumbunta, bai kai kan yatsa ba. Maimakon ta kira magini, sai ta kwaɓa laka ta shafe, don tana zargin in ya leƙa ciki zai baza wa gari yawan hatsinta. Maƙwabciya ta tambaye ta me take yawan zagayawa bayan rumbu, ta ce kaji take kora, a ranta kuwa ta ce ai wannan ce ma ta turo garar. Kullum rami na ƙaruwa, kullum tana shafewa. Da damina ta yi tsakiya ta hau ɗebo gero, sai rumbun ya rufta da ita, ba komai a ciki sai ƙasa. A nan Iya kan ajiye mazari ta kwaikwayi ihun matar, mu yi ta dariya har da birgima. Sannan ta rufe da cewa, "Kun ga wawuya. Ga baki Allah ya ba ta, ta ƙi hwaɗi."

Shekarar da nake aji huɗu, rumbun bai faɗi ba. Iya ta kawo labari har tsakiyar damina, matar ta hau, ta ɗebo geronta lafiya lau, ta sauko.

Na ce, "Iya, ba haka take ba. Ina inda ya rufta?"

Ta ce, "Ke kika haihe ta, ƙawata? Wanga karo lakar ta kama. Kuma ina laihin matar? In ta kira magini rushe mata rumbu za ya yi, ya ce gyara ne."

Ƙannena sun haɗiye, ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya. Daga ranar na sa mata ido. Na lura ta daina kaɗi, wai mazarin ya karkace, alhali na gwada shi da kaina lafiyarsa ƙalau. Na lura mayafi ba ya barin kafaɗarta ta hagu ko tana gab da wuta. Wata tsohuwa mai magani daga Daudawa ta zo sau biyu, wai gaisuwa, ta tafi ta bar ƙullin ganye. Ranar kasuwar Yankara kuma Iya, wadda ba ta yarda da komai na kanti ba, ta aika a sayo mata jan kafso wurin mai talla da lasifika a kan mota. Nan na tabbata akwai magana.

Wata rana da hantsi na faɗa ɗakinta ba sallama, da gangan. Na same ta tana shafa dakakken ganye a gefen nononta na hagu. Wurin ya kumbura kamar ƙwan kaza, fatar ta yi baƙi. Ta cafke wuyan hannuna.

"In kika hwaɗa ma mai babur, ni da ke har abada."

Mai babur shi ne babanmu. Ɗanta na fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko hira ba sa zama su yi. In tana da saƙo gare shi, mu take aika, ko yana tsaye a tsakar gida.

Na ce, "Iya, ya kai ki asibiti Funtuwa mana."

"Su yanka ni kamar akuya? Kuma ɗan hwari zan buɗe ma wanga wuri? Ke dai kama bakinki."

Na kama kuwa, wata bakwai cur. Kullum da safe Baba na goge babur a ƙofar gida, ni ina tsaye ina kallonsa. Yakan ce, "Hajara, lahiya?" In ce lafiya lau. Sai da wari ya tona asirin aka kai ta. A asibiti suka ce da an zo da wuri da akwai abin yi. Ba ta ga kaka ta gaba ba.

Na san rai na Allah ne, kuma ba a ƙara wa mutum ko kwana ɗaya. An sha gaya mini, ni ma na sha gaya wa kaina. Amma har yau abin na ci mini rai. Da zan koma bakin murhun nan in zauna kusa da yarinyar da take tura gyaɗa cikin toka, ba zan tsaya yi mata wa'azin rage sukari ko yawan tafiyar ƙafa ba. Cewa zan yi, Hajara, zarginki daidai ne, tashi ki je ƙofar gida ki faɗa. Ki bari Iya ta yi fushi da ke shekara goma, tana raye.

Sai dai ba ni da bakin yi wa kowa gori. Shekara uku da suka wuce, a nan Kankara inda aure ya kawo ni, ina wanka na ji ɗan ƙullutu a irin wurin. Nan take halin Iya ya tashi a cikina. Na zargi asibiti, na zargi likitoci da son wuƙa, na zargi surukata, matar ɗana, da cewa kafin la'asar danginta duk sun ji. Mako uku ina shafa man zafi ina cewa sanyi ne.

Ana haka jikokina suka zo hutu. Bayan magariba muna gasa masara a kan gawayi, suka ce sai na ba su ta mai rumbu. Na kawo labari har tsakiyar damina, sai kawai na ji bakina yana cewa lakar ta kama. Nana, babbar cikinsu, ta ƙanƙance ido tana dubana.

Ta ce, "Hajiya, bara ba haka kika ce ba."

Na san wannan kallon, nawa ne. Kuma na san abin da za a ɗora mata in na bari ta gano da kanta.

Washegari ɗana na fari ya shigo gaishe ni, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum. Har ya miƙe zai fita na ce, "Kabiru." Ya juyo a firgice, don shekara arba'in bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Na ce ya ɗauko mota.

An yi aikin, an cire abin, suka ce na zo da wuri. Yanzu in na ba da tatsuniyar, rumbun sai ya faɗi, kuma da ƙarfi nake yin ihun matar. Bana, in Allah ya kai mu kaka, zan girmi Iya.