Hancin Oom Stoffel

A kwarin nan namu na bayan dutsen Paarl, in ka ce "Hanci" kowa ya san Oom Stoffel Basson, wato Kawu Stoffel, kake nufi. Ba don girman hancin ba ne, ko da yake nan ma Allah bai rage shi da komai ba. Tun yana saurayi ya gaji gonar inabin kakansa da ɗakin ƙasan da gangunan giya ke kwance, kuma da wannan hancin ya riƙe gida. Giyarsu ja ce har ta yi duhu, wadda in ka sha ta da ƙuruciyarta sai ta ɗaure maka baki kamar ɗanyar ayaba. Sai ta yi shekara ashirin a kwalba kafin ta yi hankali. Shi ya sa Stoffel kan ce shi jikokin masu saye yake yi wa bauta.

Bautar kuwa ya sha ta. Fari ya ci shi, gobarar daji ta ci shi, birai kan sauko daga dutse su yi biki a gonarsa ana gobe tsinka. Ya binne matarsa Ralie ana tsakiyar matsar inabi, daga maƙabarta ya wuce wajen aiki da takalman coci. Gwiwoyi sun tafi, baya ya ranƙwafa, amma bai taɓa yi wa kowa kuka ba, tunda hanci na nan.

Al'adar gidan ita ce, in sanyi ya shigo da ruwansa, maigida shi ke bin ganguna ɗaya bayan ɗaya. Ya zuƙo kaɗan a kofi, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar. Gangar da ta cancanci babbar giya ya zana mata alama da alli, sauran a sayar da su da wuri. In ya zaɓi gangar da ta fara lalacewa, ta ɓata 'yan'uwanta, kuma ba za a gane ba sai bayan shekaru, lokacin da wani ya buɗe kwalba a bikin 'yarsa ya tsine wa sunan Basson.

Wata muguwar mura ce ta kwantar da shi shekarun baya. Da ya tashi, ya tsoma busasshen biskit ɗinsa a kofin gahawa, ya ji kamar ruwan zafi yake sha. Ya jira hancin ya dawo. Bai dawo ba.

Bai faɗa wa kowa ba, don taurin kai gadon gidansu ne. Sai ya ɓullo da dabara: ya riƙa kiran 'yarsa Elsabé, wadda ke kula da gonar, wai ta zo ta koya. Ya miƙa mata kofi tukuna, yana satar kallonta. In ta yamutsa fuska ya wuce gangar, in girarta ta ɗaga ya zana alli. Da haka ya ci shekara biyu, kuma kowane zane jin sa yake kamar sata. Wannan ya fi ciwon gwiwa gajiyar da shi.

Bana, da hantsi ana yayyafi, suka sauka ɗakin ƙasan. Ya zuƙo ya miƙa mata. Elsabé ta shinshina, ta kurɓa, ta tofar, fuskarta kamar bango. Ganga ta biyu ma haka.

"Ke, yau da wa kike gaba?" ya ce.

"Ba kowa, Pa. Ga kofin."

Ya kai hanci ya ja numfashi har ƙirjinsa ya yi zafi. Babu komai, sai sanyi. Ya juya kofin, ya ɗaga shi sama yana duban launi, ya yi gyaran murya irin ta manya.

"Wannan kam ta yi," ya ce, ya ɗaga alli.

Ta riƙe masa hannu. "Pa, wannan ai ta fara tsami. Tun daga ƙofa nake jin ta."

Ya sauke hannunsa. Ruwa na ɗiga a wani lungu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na ƙona naman Lahadi ka ce a ƙaro. Kai da ka taɓa korar mu daga tebur saboda warin man shafawa!" Ta yi 'yar dariya, idonta ya ciko. "Shekara biyu ina yamutsa maka fuska kamar biri, Pa. Wallahi na gaji. Ina so in yi aikina da baki, ba da gira ba."

Ya so ya yi faɗa, ya nemi faɗan ya rasa. Ashe giyar da aka yi ta yaba masa a kai ta Elsabé ce, kuma ta fi tasa ta ƙarshe kyau. Abin ya yi masa daɗi, ya kuma yi masa ciwo, bai san wanda ya fi ba. Ya lallaba ya zauna a kan wani tsohon akwati, allin ya faɗi, bai ɗauka ba.

Elsabé ta wuce ganga ta gaba, ta zuƙo, ta daɗe da hanci a kofi.

"Mai kyau ce?" ya tambaya.

"Za ta kai shekara talatin."

Ya gyaɗa kai. Shi dai ba zai kai ba, su biyun sun sani.

"To zo nan, yarinya," ya ce, ya rufe ido. "Faɗa mini ƙamshinta. A hankali, kada ki tsallake komai."